Emil Fischer, mutumin da ya haɗa maganin barci

An haifi Emil Fischer ran 9 ga watan Oktoba 1852 a garin Euskirchen, cikin ƙasar Jamus. Mahaifinsa attajiri ne, ya so ɗansa ya gaji kasuwanci, amma yaron bai nuna gwaninta ga ciniki ba, sai aka bar shi ya bi karatu. A jami'ar Sitarasbur ya koyi ilimin haɗa sinadarai a hannun Adolf von Baeyer, wanda ya fara haɗa sinadarin barbiturik a shekarar 1864. Sinadarin nan shi kaɗai ba ya sa barci, amma daga gare shi dangin magungunan barbiturik suka fito.

A 1892 Fischer ya zama shehun malami a Barlin. Bayan shekara biyu ya bayyana yadda anzim ke aiki, wato sinadaran da ke gaggauta ayyuka cikin jiki: kowane anzim da abin da yake kamawa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. A 1902 aka ba shi kyautar Nobel saboda bincikensa a kan sukari.

A 1903 shi da likita Josef von Mering suka bayyana maganin barbital, wanda aka sayar da sunan Veronal. Masu fama da rashin barci suka sami sauƙi. A 1912 ƙaninsa fenobarbital ya fito, aka gane yana kwantar da farfaɗiya.

Sai bayan mutuwar Fischer aka gano yadda magungunan ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma misalinsa na kwaɗo da mabuɗi ya yi amfani a nan. Akwai wani sinadari mai suna GABA da ke lafar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Barbiturik yana manne wa ƙofar da GABA ke buɗewa, ya sa ta daɗe a buɗe, sai saƙonnin jijiyoyi su yi sanyi, barci ya zo. In an wuce ƙima, har numfashi yakan tsaya, musamman in an haɗa da giya. Jiki kuma yakan saba da shi, ya nemi ƙari. Saboda haka tun daga shekarun 1960 likitoci suka juya ga wasu magungunan barci, ko da yake fenobarbital ya ci gaba da taimakon masu farfaɗiya.

Ƙarshen rayuwar Fischer ya zo da baƙin ciki. Matarsa ta mutu a 1895, biyu daga cikin ƴaƴansa uku suka mutu lokacin Yaƙin Duniya na Farko, shi kuma ciwon daji ya kama shi. Ya mutu a Barlin ran 15 ga watan Yuli 1919. Maganin da ya bari ya hutar da dubban marasa lafiya, ya kuma halaka da yawa daga waɗanda suka sha shi ba da izinin likita ba.