Babban Gwani: Maginin Zazzau da ya ɗaure sarari da guntayen azara

Duk ɗalibin injiniya da aka ba tsinkayen katako da gam aka ce ya haɗa 'yar gada mai ɗaukar nauyi, matsala ɗaya yake fuskanta: tsinken gajere ne, ratar kuma mai faɗi. Kusan shekara 190 da suka wuce, wani magini a Zariya ya warware wannan matsala da azara da igiya da ƙasa, har ginin nasa ya kai zamaninmu.

Sunansa Muhammadu Durugu, wasu kuma suna kiransa Malam Mika'ilu, amma laƙabin Babban Gwani ya shafe sunayen biyu. Ya rayu a ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Daular Usmaniyya ke gina masallatai da fadoji bayan jihadi.

Masallacin da ya fito da shi

Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, shi ne ya sa shi gina Masallacin Juma'a na Zariya. Aikin ba ƙarami ba ne. Ana buƙatar zaure mai faɗi da zai ɗauki sahu-sahu na masallata, ga shi babu siminti, babu rodi.

Abin da magini ke da shi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga giginya. Tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasa, ba ta jure ratar da ta wuce kusan ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwasa ba.

Dabarar ita ce bakan gizo. Ana dasa azara cikin bango ko ginshiƙi ta ɗan leƙo waje, a ɗora wata a kanta ta zarce ta, a ɗaure da igiya, a ci gaba hawa-hawa daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Kowane guntu yana riƙe da na gabansa, nauyin rufi kuma yana gangarowa ta bakan zuwa ginshiƙi.

Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, magina Hausawa sun gaje ta. Gwanintarsa ita ce yadda ya sarƙa bakuna da yawa suka tallafi tulluwa, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai zurfi, har masana gine-gine ke lissafa masallacin cikin ƙololuwar ginin ƙasa a Afirka ta Yamma.

Suna da ajali

Daga nan sarakuna suka riƙa nemansa. Ana danganta masa gine-gine a fadar Kano da kuma Kafin Madaki a ƙasar Bauchi.

Riwayar baka ta ce da dare yake ɗaure bakunansa don kada a ga sirrinsa. Ta kuma ce a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, inda bayan ya kammala masallaci aka kashe shi don kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a Zariya, inda har yau akwai unguwar da ke amsa sunan Babban Gwani.

Abin da ya rage

A shekarun 1970 an yi wa masallacin sabon gini na kankare wanda ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Kafin nan, masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana, daga baya aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Darasinsa bai tsaya a Zazzau ba. A ƙasar Haɗeja, inda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi ta raba garuruwa da kasuwanninsu, matasan da ke koyon injiniya su ne za su gina gadojin gobe. Abin da za su gano a kan teburin gwaji shi ne abin da Babban Gwani ya sani: gini yakan karye ne a mahaɗa, don haka ƙarfinsa yana ga yadda aka ɗora guntu kan guntu aka ɗaure.