Freddie Mercury: ɗan Zanzibar da ya sauya kiɗan Queen, Amurka ta juya masa baya

A watan Mayun 1982 ƙungiyar mawaƙan Queen ta Birtaniya ta fitar da faifanta na goma mai suna Hot Space. Masoyan da suka shafe shekara tara suna bin ƙungiyar sun saye shi da ɗoki, amma da suka ɗora shi, da yawansu ba su gane mawaƙansu ba. Ƙarar jitar lantarki da suka saba ji ta ja baya, kiɗan rawa irin na disko da fank ya maye gurbinta. Mutumin da aka fi ɗora wa alhakin wannan sauyi shi ne jagoran waƙar ƙungiyar, Freddie Mercury, wanda tun yana ƙarami yake sauya ƙasa, har sunansa ma ya sauya.

Daga Zanzibar zuwa Landan

An haife shi ranar 5 ga Satumba 1946 a tsohon garin Zanzibar da ake kira Stone Town, lokacin tsibirin yana ƙarƙashin kulawar Birtaniya. Sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Iyayensa ƴan ƙabilar Parsi ne daga yammacin Indiya, mabiya addinin Zarathustra, tsirarun mutane ko a can Indiyar. Mahaifinsa ma'ajin kuɗi ne a ma'aikatar gwamnatin mulkin mallaka.

Yana da shekara takwas aka tura shi makarantar kwana ta St. Peter da ke Panchgani a Indiya. A can abokansa suka laƙaba masa Freddie, a can kuma ya kafa ƙungiyar kiɗa ta farko tare da ƴan ajinsu, yana buga musu fiyano. Ya koma Zanzibar a 1963, amma bai daɗe ba. A Janairun 1964 juyin juya hali ya kifar da Sarkin tsibirin, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa, iyalin Bulsara suka tsere zuwa Ingila suka zauna a Feltham, kusa da filin jirgin saman Heathrow.

Ya karanta zane a kwalejin Ealing, ya kammala a 1969. Don samun na abinci ya yi dakon kaya a filin jirgi, ya kuma sayar da gwanjo a kasuwar Kensington tare da wani makaɗin ganga mai suna Roger Taylor. Taylor da makaɗin jita Brian May suna da ƙungiya mai suna Smile. Da mawaƙinsu ya fita a 1970, Freddie ya shiga, ya raɗa wa ƙungiyar suna Queen, shi kuma ya koma Mercury. John Deacon, mai jitar bas, ya cika su huɗu a 1971.

Alkawarin da ke bayan faifai

Abin da ya fara jawo musu masoya shi ne kauri da ƙarfin sautinsu. May yana amfani da wata jita da shi da mahaifinsa suka ƙera a gida da tsohon katako. A sutudiyo yakan naɗi jitar sau da yawa, a jera sautukan bisa juna har su yi kama da taron makaɗa. Haka suke yi wa muryoyinsu. Mutane suka riƙa zaton na'urar haɗa sauti ce, wato fiyanon lantarki mai kwaikwayon kowane abin kiɗa. Saboda haka daga faifansu na farko na 1973 har zuwa na 1976 sukan rubuta a jikin kwali cewa ba a yi amfani da wannan na'ura ba. Masoya suka ɗauki wannan rubutu tamkar alkawari.

Sai dai tun a lokacin Mercury ba ya tsayawa kan salo ɗaya. Waƙarsa Bohemian Rhapsody ta 1975 ta kusa minti shida, ta haɗa waƙar fiyano mai sanyi da salon opera da rok mai ƙarfi, kuma ba ta da amshin da ake maimaitawa. An yi tsammanin gidajen rediyo ba za su sa ta ba saboda tsawonta, amma ta yi mako tara a matsayi na ɗaya a Birtaniya. Masoya sun karɓi wannan ƙirƙira hannu bibbiyu, domin jitar May tana nan.

Nasarar da ta jawo rigima

A 1980 suka fitar da faifan The Game, wanda a cikinsa suka yi amfani da na'urar haɗa sauti a karon farko. A cikinsa akwai Another One Bites the Dust, waƙar da Deacon ya tsara bisa bugun bas mai kama da na ƙungiyar Chic ta New York. Michael Jackson ne ya ba su shawarar su fitar da ita ita kaɗai. Gidajen rediyon baƙaƙen fatar Amurka suka rungume ta, ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar, faifan ma haka. Shi ne faifan Queen kaɗai da ya taɓa kai wannan matsayi a Amurka.

A wannan shekarar ne kuma Mercury ya bar gashin baki, kamannin da a lokacin aka san maza masu neman jinsinsu na New York da shi. Wasu masoya suka riƙa jefa reza kan dandamali don nuna masa ya aske.

Ganin kasuwar da waƙar Deacon ta yi, da kuma irin kiɗan da Mercury yake ji a gidajen rawa na New York da Munich, sai suka ja ƙungiyar ta wannan hanya. An naɗi Hot Space a Munich ta Jamus da Montreux ta Suwizalan. Kusan duk gefen farko na faifan kiɗan rawa ne: na'ura ta karɓi wani ɓangare na aikin ganga da bas, aka sa ƙahonni a waƙar farko, jitar May kuwa sai jefi-jefi. May da Taylor ba su ji daɗin wannan ba, kuma daga baya ba su ɓoye ba.

Lokacin ma bai yi musu daidai ba. Tun a Yulin 1979, da aka tarwatsa tarin faya-fayan disko a wani filin wasa na Chicago, masu sauraron rok a Amurka suke kallon disko da ƙyama, gidajen rediyonsu kuma suka daina sa shi. Hot Space ya tsaya a matsayi na 22 a Amurka, na 4 a Birtaniya. Ko waƙar Under Pressure da suka yi da David Bowie, wadda ta zo ta ɗaya a Birtaniya a 1981, ba ta ceci faifan ba.

Mercury bai nemi afuwa ba. Ranar 5 ga Yuni 1982, a gaban dubban mutane a Milton Keynes, ya shaida wa taron cewa za su rera wasu daga cikin sababbin waƙoƙin, hakan ba ya nufin sun bar rok, kuma faifai ɗaya bai kai a tada hankali a kansa ba. Amma a kan dandamali sun ƙara wa waƙoƙin ƙarfin jita da ganga. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan ƴan rawar ne suka tsaya cik, makaɗan suka matso kusa da su. Rangadin 1982 shi ne na ƙarshe da Mercury ya yi a Arewacin Amurka. Wata shida bayan Hot Space, Michael Jackson ya fitar da Thriller, wanda shi ma ya gauraya kiɗan rawa da jitar rok, ya zama faifan da ya fi kowanne kasuwa a duniya.

Komawa da kurakurai

A 1984 Queen ta dawo da faifan The Works. Jitar May ta dawo, amma na'urar ba ta tafi ba. Radio Ga Ga, waƙar da ta fi fice a faifan, cike take da sautin na'ura, kuma Taylor ne ya tsara ta, shi da ya ƙi Hot Space. Turai da Kudancin Amurka suka karɓa. Amurka kuwa ta ƙara nisa, musamman bayan bidiyon I Want to Break Free da mawaƙan huɗu suka fito cikin kayan mata, suna kwaikwayon wani wasan talabijin na Birtaniya da Amurkawa ba su sani ba.

A Oktoban wannan shekara suka yi abin da ya fi Hot Space zubar musu da mutunci. Sun je sun yi wasa a Sun City, cikin yankin Bophuthatswana na Afirka ta Kudu, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Ƙungiyar ƙwadagon mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, sunansu ya shiga jerin waɗanda suka karya takunkumin.

Ranar 13 ga Yuli 1985 aka yi bikin Live Aid don tara kuɗin agaji ga Habasha, a shekarun farin da ya addabi Sahel ma har da Nijar da Chadi da Sudan. A filin Wembley, gaban mutum kusan 72,000, an ba Queen kimanin minti ashirin. Sun rera waƙa shida, babu ko ɗaya daga Hot Space. Amma da aka zo Radio Ga Ga, filin gaba ɗaya ya ɗaga hannu yana tafi tare. Masoyan da suka yi fushi da na'ura shekara uku baya, ranar su ne suke tafa wa waƙar da aka gina a kanta.

Ƙarshen tafiya

Wasansa na ƙarshe da Queen ya kasance a Knebworth ranar 9 ga Agusta 1986. Bai daina gwada sabon abu ba: a 1988 ya fitar da faifan Barcelona tare da mawaƙiyar opera ta Sifen, Montserrat Caballé. A lokacin an riga an gano yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau, amma ya ɓoye wa duniya, ya ci gaba da naɗar waƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Ya sanar da ciwon ranar 23 ga Nuwamba 1991, ya mutu washegari a gidansa na Kensington yana da shekara 45. Limaman addinin iyayensa ne suka jagoranci jana'izarsa.

Bohemian Rhapsody ta sake hawa matsayi na ɗaya a Birtaniya a ƙarshen wannan shekara. A 1992, bayan an sa ta a wani fim, ta kai matsayi na biyu a Amurka, ƙasar da ya yi shekara tara bai yi rangadi a cikinta ba. A 2019 aka buɗe ƙaramin gidan tarihi da sunansa a Stone Town, garin da ya bari yana ɗan shekara 17.