Samuel Colt: Maƙerin bindigar da ya ƙi shawarar ma'aikacinsa

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi a ƙauyukan Tsafe ko Bunguɗu yana ɗura wa bindigarsa albarushi ta baki, ya ga matsalar da Samuel Colt ya taso ya tarar: harbi ɗaya, sai a tsaya a sake ɗuri.

An haifi Colt a birnin Hartford na Amurka ranar 19 ga Yuli, 1814. Yana ɗan shekara 16 ya shiga aikin jirgin ruwa zuwa Indiya, kuma a hanya ya sassaƙa da itace samfurin ƙaramar bindiga mai wata 'yar ganga da ke juyawa, kowane ramin gangar da nasa ɗurin. A 1836 ya samu takardar mallakar fasahar, amma kamfaninsa na farko ya durƙushe a 1842. Arziki ya dawo masa a 1847, lokacin yaƙin Amurka da Meziko, da gwamnati ta nemi bindigogi 1,000 daga hannunsa.

Sai dai har a lokacin ta gaba ake ɗura wa kowane rami albarushi da dalma. Wani ma'aikacinsa, Rollin White, ya kawo shawarar a huda ramukan su ɓulle ta baya, don a zura harsashi cikakke. An ruwaito cewa Colt bai kula shi ba. White ya yi rajistar fasahar a 1855, ya bai wa kamfanin Smith & Wesson damar amfani da ita, ana biyan sa santi 25 kan kowace bindiga. Ƙofar ta rufu ga Colt har ya rasu ranar 10 ga Janairu, 1862, yana da shekara 47.

Bayan wa'adin takardar White ya ƙare a 1869, magadansa suka shiga gyara tsofaffin bindigogin albarushi ta hanyar sauya musu ganga, musamman da dabarar Charles Richards ta 1871. Har yau masu tara irin waɗannan bindigogi suna sayen gangar sauyi, amma dole ta dace da samfurin, kuma harsashi mai ƙarfi yana iya tarwatsa tsohon ƙarfe a hannun mai shi.

Colt ya bar duniya cikin manyan attajiran Amurka, amma shawarar da ya raina ta bakin ma'aikacinsa ita ce ta zama arzikin abokan hamayyarsa.