Sarki Yosiya: Yaron da Ya Nemi Allah Tun da Ƙuruciya

Idan aka ce a ambaci sarakunan Littafi Mai Tsarki, yawancin ɗalibanmu Dauda da Sulemanu za su kira, daga nan sai a yi shiru. Amma akwai wani sarkin Yahuza da ya kamata matasa su san shi sosai, musamman masu tunanin shiga aikin Ubangiji. Sunansa Yosiya, labarinsa kuwa yana cikin 2 Sarakuna 22 da 23, da 2 Tarihi 34 da 35.

Yosiya bai gaji tsoron Allah a gida ba. Kakansa Manassa ya yi shekara 55 yana sarauta, ya cika Urushalima da gumaka har cikin Haikali. Ko da yake ya tuba daga baya, ɓarnar ta riga ta yi saiwa. Mahaifinsa Amon ya bi tsohuwar hanyar, shekara 2 kacal ya yi fadawansa suka kashe shi a cikin gidansa. Da haka aka naɗa Yosiya wajen shekara ta 640 kafin haihuwar Almasihu, maraya ɗan shekara 8.

Yana da shekara 16, sa'an 'yan manyan azuzuwanmu, ya fara neman Allah na kakansa Dauda. A lura, ba a ce ya ga kurmi yana cin wuta kamar Musa ba, ba a kuma ce ya ji murya da dare kamar Sama'ila ba. Ya dai sa kansa nema. Na sha jin matasa suna cewa sai sun yi mafarki kafin su tabbata Allah yana kiransu. Yosiya bai jira mafarki ba. Da ya kai 20 ya shiga rushe bagadan Ba'al, yana farfasa gumaka yana niƙe su.

Babban al'amarin ya faru a shekara ta 18 ta sarautarsa, sa'ad da ya sa a gyara Haikali. Maginan da masassaƙan amintattu ne, har ba a bukaci lissafin kuɗi daga hannunsu ba, abin da ma'ajin kowace ikkilisiya zai yi sha'awa. Ana cikin aikin sai Hilkiya babban firist ya tsinci Littafin Shari'a. Ku duba abin kunya, Maganar Allah ta ɓace a cikin ɗakin Allah! Shafan magatakarda ya karanta wa sarki, da jin abin da ke ciki sarki ya yayyage tufafinsa don baƙin ciki.

Ya aika a tambayi annabiya Hulda. Amsarta ba mai daɗi ba ce: masifa za ta auko wa ƙasar ba makawa, amma saboda tawali'unsa shi ba zai gan ta da idonsa ba. A ganina nan ne aka gwada kiransa. Wani da ya ji haka sai ya naɗe hannu, tun da kansa ya tsira, jama'ar kuwa ba mai cetonsu. Yosiya bai yi haka ba. Ya tara mutane, babba da yaro, ya karanta musu littafin da bakinsa, ya sabunta alkawari a gaban Ubangiji. Ya kuma shirya Idin Ƙetarewa irin wanda ba a yi ba tun zamanin Sama'ila, daga dukiyarsa ya ba da 'yan raguna da 'yan awaki 30,000 da bijimai 3,000. Ya yi wannan duka yana sane hukuncin ba zai janye ba.

Shi ma ɗan adam ne, ya yi kuskure. A shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu, Fir'auna Neko na Masar ya fito zai wuce zuwa Kogin Yufiretis. Ya aika wa Yosiya cewa ba da shi yake faɗa ba, amma Yosiya ya ƙi ji, ya ɓad da kama ya tare shi a Magiddo. Maharba suka harbe shi, ya mutu yana da shekara 39, bayan shekara 31 a gadon sarauta. Annabi Irmiya ya yi makoki dominsa.

Bayan 'yan shekaru aka kawo wa ɗansa Yehoyakim littafin annabcin Irmiya yana zaune yana jin wuta da hunturu. Ana karantawa yana yankewa da wuƙa yana jefawa cikin kasko har ya ƙone ƙurmus, ba kuwa wanda ya yayyage tufafinsa. Ba a cika shekara 25 da mutuwar Yosiya ba Babiloniyawa suka ƙone Haikalin da ya gyara.