Robert Koch, likitan Jamus da ya bi diddigin yadda jiki ke sabawa da maleriya

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ko Agege ya san abin nan: sauro ɗaya ke cizon 'yan gida, amma yaro ake rugawa da shi asibiti, uban kuwa ya haɗiye magani ya fita kasuwa. Cikin waɗanda suka fara binciken dalili akwai Robert Koch.

An haife shi a 1843 a Clausthal, garin masu haƙar ma'adinai a Jamus. Likitan karkara ne da farko, yana 'yan gwaje-gwajensa a gida. A 1882 ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1905. Ya kuma bi sawun kwalara har Masar da Indiya.

Amma abin da ya shafe mu shi ne tafiyarsa tsibirin Java da New Guinea a 1899 zuwa 1900. Ya riƙa shiga ƙauyuka yana duba jinin mutane a madubin likita. Inda sauro ya yi katutu, sai ya tarar jinin ƙananan yara cike da ƙwayar maleriya, tana raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa, manya kuma da wuya ta kwantar da su. To amma baƙin leburori da Turawan da aka kawo daga inda babu cutar, komai girmansu, sai ta buge su kamar jarirai. Nan ya gane ba shekaru ke kare babba ba, yawan kamuwa ne.

Koch bai san abin da ke faruwa a cikin jini ba. Daga baya aka gano akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin B, masu haddace kamannin cuta domin su tare ta in ta dawo. A ƙyanda, karo ɗaya ya ishe su har tsufa. Maleriya kuwa makira ce, kullum tana sauya riga, don haka haddar sai an yi shekaru ana shan zazzaɓi, kuma yawan kamuwar na gajiyar da wasu daga cikin ƙwayoyin. Ko ta samu, ba ta hana kamuwa, tsanani kawai take ragewa, kuma tana dushewa in mutum ya daɗe inda babu cutar. Yara da yawa ba sa kai wa ga samunta.

Tarihinsa dai ba fari ne tas ba. Maganin tarin fuka da ya sanar a 1890 bai yi aiki ba, har wasu suka rasu. A 1906 kuma ya je tsibiran Tafkin Victoria yana gwada maganin atoxyl a kan masu ciwon barci, wasunsu suka makance. Wannan ba abin da za a rufe ba ne.

Ya mutu a Baden-Baden a watan Mayun 1910 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 66.