Hajiya Gambo Sawaba: Yarinyar da Aka Aurar Tana da Shekara 13

An haifi Hajiya Gambo Sawaba a shekarar 1933, ta kuma tashi a Zariya. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake ta biyo bayan tagwaye sai ake kiranta Gambo. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce.

An sa ta makarantar firamare a Tudun Wada. Mahaifinta ya rasu a 1943, ba da daɗewa ba mahaifiyarta ta bi shi. Da maraici ya same ta, karatu ya tsaya, aka aurar da ita ga wani tsohon soja tana da shekara 13. Tana ɗauke da cikin fari mijin ya tafi, bai sake dawowa ba. Ga ƙuruciya, ga goyo, ga rashin ilimin da za ta dogara da shi.

Wannan wahala ba ta karya mata zuciya ba. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ta shiga, ta zama shugabar mata a Sabon Garin Zariya. Ta riƙa bi gida gida tana jan hankalin iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi karatu kafin aure, tana kuma nema wa mata 'yancin zaɓe. Saboda haka aka ɗaure ta har sau 16, ta sha duka da wulaƙanci. Allah ya ja kwananta ta ga matan Arewa sun jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. Ta rasu a 2001, kuma akwai babban asibiti a Zariya mai ɗauke da sunanta.

To, 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya fitar da Gambo daga aji, wato maraici da talauci, har yanzu yana fitar da yara a ƙauyukanmu na Shanga da ke bakin Kwara. Cikin waɗanda muka gama firamare tare, akwai masu goyo yanzu, alhali sun fi ni ƙoƙari. Iyayenmu, aure sunna ne, amma a yi haƙuri yarinya ta ƙosa, ta sami ilimi tukuna. Allah ya jiƙan Hajiya Gambo, amin.