Tarihin Melvin Calvin, Mai Binciken Asirin Ganye

Ya ku malamai da fatake, ku sani an haifi Melvin Calvin a Amurka cikin 1911. Iyayensa baƙi ne daga ƙasar Rasha, masu ƙaramin kanti. Ya naƙalci ilmin sinadarai, har ya zama malami a jami'ar Kalifoniya cikin 1937.

Mas'alar da ta dame shi ita ce, ta ƙaƙa tsiro yake mai da iska abinci? Shi da abokan aikinsa, Benson da Bassham, suka ba gansakuka iskar kabon mai alama, suka bi sawunta daki-daki. Suka tarar cikin koren tsiro akwai wani sinadari, wanda yanzu ake kira rubisko. Shi ke kama iskar ya ɗaura ta ga wani irin sukari, sa'an nan da ƙarfin hasken rana tsiro ya gina ƙwaya.

Ashe dalar gyadan nan da Kano ta yi suna da ita a da, galibin nauyinta daga iska da ruwa ya fito, ba daga ƙasa ba.

Cikin 1961 aka ba shi lambar Nobel shi kaɗai, alhali Benson ne ya gano sukarin nan. Ya mutu cikin 1997. Tammat.